Kwanson harsashin da aka tsinta a filin harbi: a sake ɗura shi ko a sayar wa masu narka tagulla?

Sabon_Maharbi:
Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da na shiga wata ƙungiyar harbin nishaɗi a nan Amurka inda nake zaune. Kullum in an tashi sai in ga wani dattijo ya sunkuya da bokitinsa yana tsince kwanson harsasan da aka harba. Da fari na ɗauka mai shara ne, ashe ɗan ƙungiya ne, ya ma fi kowa daɗewa a cikinta. Ya ce mini gida yake kai su ya wanke, ya sa musu sabuwar firaima (ɗan maɓallin gindi da allurar bindiga ke daka ya kunna wuta) da albarushi da kan harsashi, su koma kamar sababbi. Ya ce a cikin abubuwa huɗun da suka haɗu suka yi harsashi kwanso ne mafi tsada, kuma shi kaɗai ne ba ya ƙarewa a harbi ɗaya.

To ni ma na kwaikwaye shi, yanzu ina da kusan rabin bokiti. Ban sayi injin ɗuri ba tukuna. Tambayata ga waɗanda suka riga mu: kwanson da ka tsinta a ƙasa, wanda ba kai ka harba ba, za a iya amincewa da shi? Kuma sau nawa ake sake ɗura kwanso ɗaya kafin a jefar?

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga wannan, ka tambayi masu filin? Akwai filayen da dokarsu ita ce duk kwanson da ya taɓa ƙasa ya zama nasu, don da kuɗinsa suke rage ɗawainiyar wurin. Wasu kuma naka kaɗai za ka ɗauka. Sannan ko a inda aka yarda, ba a tsintar na mutumin da ke tsaye kusa da kai sai ka ce masa "kana so ko in kwashe?" Na ga an yi cacar baki a kan abin da bai kai cikin tafin hannu ba.

Sabon_Maharbi:
Na tambaya yallaɓai, sun ce ba laifi muddin an tsayar da harbi kuma ban tsallaka layi ba.

Dogo77:
Tsintacciyar mage ba ta mage. Ka kai wa masu sayen tagulla, kuɗin da suka ba ka ka sayi sabon kwanso. Magana ta ƙare.

Injiniya_MK:
Dogo ka cika gaggawa, bari yaro ya fahimci abin da ke hannunsa tukuna.

Ƙanena, kwanson kirki tagulla ce, jan ƙarfe kashi 70 tutiya kashi 30. An zaɓe ta ne saboda halinta: lokacin da albarushi ya kama, kwanson yana buɗewa ya manne da bangon ɗakin harsashi (inda harsashi ke zama a cikin bindiga) ya toshe iskar kada ta dawo fuskarka, da matsin ya sauka kuma sai ya ɗan tsuke a iya zare shi. Wato aikinsa na gaskiya shi ne murfi tsakanin idonka da wuta. In ka riƙe wannan a ka, sauran maganar duk za ta zo maka da sauƙi.

Aikin farko, ka samo maganaɗisu ka zagaya da shi cikin bokitin. Duk wanda ya manne baƙin ƙarfe ne, yawanci irin na Rasha, ka ware shi. Kada launi ya ruɗe ka, akwai na ƙarfe da aka shafa wa ruwan tagulla ko na jan ƙarfe a sama. Za ka kuma ga wasu farare marasa nauyi masu dishi-dishi, alminiyom ne, na kamfanin CCI samfurin Blazer har haruffan N da R suke bugawa a gindi, ma'ana ba na sake ɗuri ba ne. Farare masu ƙyalli da nauyi kuwa tagulla ce da aka lulluɓe da nikel, ana ɗura su, sai dai bakinsu ya fi saurin tsagewa. Ƙananan nan na .22 da ba su da firaima a tsakiya, waɗanda allura ke dukan gefensu, su ma a ware, maganin kunnawarsu a cikin leɓen gindin yake kuma leɓen ya riga ya lotse.

Batun sau nawa, babu lamba ɗaya. Ya danganta da matsin da kwanson ke sha. Hukumar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ta sa iyakar matsin harsashi samfurin .45 ACP a psi (ma'aunin matsi) 21,000, 9mm a 35,000, .308 kuwa 62,000. Ka ga ai ba wahala ɗaya suke sha ba. Kwanson ƙaramar bindiga mai miƙaƙƙen jiki irin .45 ko .38 yawanci sai ya ɓace maka a ciyawa kafin ya mutu. Na doguwar bindiga mai wuya kamar kwalba shi ne ake ƙirga wa kwana.

Dogo77:
Duk na yarda da wannan. Amma ku amsa mini abu ɗaya. Mai sake ɗuri ba ya barin kwansonsa a ƙasa, kun san haka, har rarrafe yake yi a kansa. To yaushe yake barinsa? Ranar da ya san ya tatse shi ya gama. Wato cikin abin da ke ƙasa akwai wanda mai shi ya yi wa saki uku da gangan, kai kuma ka ɗauka kana murna.

Baban_Ilham:
Wannan gaskiya ce, amma mutum nawa ne masu sake ɗuri cikin masu zuwa fili? Mafi yawa kwali suke saya su harbe su tafi. In ka ga mutum ya farke sabon kwali a gabanka ya harbe, ka tambaye shi ya ce kwashe, ai ka san tarihin wannan kwanson kamar kai ka harba.

Dogo77:
Wannan ba tsintuwa ba ce, kyauta ce. Ni abin da ke cikin shara nake magana.

MaiTarihi:
Akwai tacewar da Injiniya bai ambata ba. Ka ɗauki tocila ka haska cikin kwanson. In ka ga rami ɗaya a tsakiyar ƙasansa, tsarin Boxer ne, shi ake so. In ka ga ƙananan ramuka biyu a gefe da gefe, tsarin Berdan ne, ka ajiye shi gefe. Injin ɗuri yana da wani siririn tsinke da ke bi ta ramin tsakiya ya ture tsohuwar firaima, in ya tarar babu rami sai ya karye.

Abin dariyar shi ne Edward Boxer Bature ne ɗan Ingila, hafsa a ma'aikatar makamai ta Woolwich, Hiram Berdan kuma Ba'amurke ne da ya yi yaƙin basasarsu. Dukansu a 1866 suka yi rajistar ƙirƙirarsu. Amma sai Amurka ta rungumi ta ɗan Ingila, Turai da Rasha suka daɗe suna amfani da ta Ba'amurke. Kowa ya raina na gida.

Sarkin_Baka:
Na Berdan kam ba ya sake ɗuruwa ko kaɗan, shara ne.

Bajamushe_Baƙi:
A'a Sarki, yana yi. Wahala ce da shi, kayan aikinsa daban, firaimarsa ma wuyar samu take. Masu tsofaffin bindigogin da kwansonsu ya yi ƙaranci suna haƙuri su yi. Amma ga sabon shiga mai 9mm, i, ya ɗauke shi a matsayin shara.

Tunda na shigo bari in faɗi abin da ya fi damuna a zaren nan. Ana ta magana kamar ko'ina Amurka ce. A nan Jamus ba ka isa ka sayi albarushi ba sai da izini a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwa masu fashewa, kuma sai ka yi kwas ka ci jarrabawa, an binciki halinka. A Ingila tun dokar 2006 ba a sayar maka da firaima sai ka nuna takardar mallakar bindiga. Ƙasashe da yawa kuma haɗa harsashi a gida laifi ne babba, ɗauri ne kai tsaye, ko kana da lasisin bindigar farauta. Duk mai karanta wannan ya fara sanin dokar inda yake kafin ya sa kwanso ko ɗaya a aljihu.

Lauyan_Gida:
Ko a Amurkar ma ba ɗaya ba ne. Dokar tarayya ta bar mutum ya ɗura don amfanin kansa ba tare da lasisi ba, amma in zai mai da shi sana'a yana sayarwa sai da lasisin ƙera harsashi. Sannan jihohi suna da nasu. A Massachusetts kwanson da aka riga aka harba ma yana cikin abin da doka ta kira harsashi, riƙe shi ba takarda laifi ne. Kuma don Allah ku dinga zazzage jakunkunanku kafin ku nufi filin jirgi. Jakar da kake zuwa harbi da ita kada ta zama jakar tafiya. Kwanso ɗaya da ya maƙale a ɗinki ya isa ya sa ka kwana kana bayani a ƙasar da ba a jin yarenka.

Ummu_Sadik:
Ni fa ban gane ba. Mutum da aikinsa da mutuncinsa ya dinga bin ƙasa yana tsintar shara don ya rage 'yan kuɗi? Sannan ya zauna da albarushi a cikin gida? Allah Ya kyauta.

Baban_Ilham:
Hajiya ba kuɗi kaɗai ba ne, kuma in gaskiya za a faɗa ba wanda ya taɓa tara kuɗi da wannan, abin da ka rage sai ka ƙara harbi da shi. Masu gasar harbin nesa suna yi ne don harsashin da aka auna wa bindiga ɗaya ya fi na kanti daidaito. Wasu kuma bindigar kakansu ce da aka daina yi wa harsashi. A 2020 da 2021 da kantunan Amurka suka bushe, masu tarin kwanso ne suka ci gaba da zuwa fili, har sai da firaima ita ma ta yi ɓatan dabo.

Nas_Rabi:
Tsoron da Ummu Sadik ke ji yana da wuri, amma ni ba albarushin ne ya fi ba ni tsoro ba. Dalma ce. Yawancin firaima da sinadarin dalma ake yin ta, in ta tashi sai ta bar toka a ciki da wajen kwanso. Baƙin nan da ke shafar yatsunka in kana tacewa, da ita a ciki. Mafi muni shi ne injin nan mai jijjiga da ake zuba wa niƙaƙƙiyar totuwar masara don goge kwanso a bushe: ranar da ka buɗe kana tankaɗewa, ƙurar da ke tashi ita ce matsalar. Dalma ba ta sa ka faɗi nan take, taruwa take yi, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara da ɗan da ke ciki su suka fi cutuwa.

Sabon_Maharbi, kana da yara? Ina ka ajiye bokitin?

Sabon_Maharbi:
Biyu, ƙaramar shekararta uku. Bokitin yana bayan ƙofar kicin. Jiya ma na tarar tana jera su a ƙasa.

Nas_Rabi:
Innalillahi. Fitar da shi yau ɗin nan, ka sa murfi, ka kai inda ba ta isa. Ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka share da tsintsiya. Safar hannu in za ka taɓa, ba ci ba sha a wurin, wanke hannu da sabulu in ka gama, kayan da ka je fili da su a wanke su daban. Yara masu shekarunta komai baki suke kai wa, don haka ka gaya wa likitanta, gwajin jini ne mai sauƙi. In za ka wanke kwanso ka yi na ruwa, ƙura ba ta tashi, amma ruwan ma ba a zubar da shi inda ake shuka abin ci.

Sabon_Maharbi:
Na fitar. Na gode Anti, wallahi ko a raina ban kawo ba.

Tsohon_Soja:
Mu a zamaninmu in an je atisayen harbi, harsashi nawa aka ba ka kwanso nawa za ka mayar. In ɗaya ya ɓace ba mai tafiya, duk rundunar za ta durƙusa cikin ciyawa har a gan shi. Ba don tagullar ba ce, don a tabbata ba wanda ya ɓoye mai rai ya tafi da shi. Shi ya sa har yau in na ji ana cewa "rabin bokiti" sai gabana ya faɗi.

Abu biyu zan ce. Filin atisayen soja ba wurin tsintuwa ba ne, ko an daina amfani da shi. Abin da ke kwance a can ba kwanso kaɗai ba ne, akwai wanda aka harba bai tashi ba yana jiran mai taɓa shi. Na biyu, in ka ga kwanso a titi ko a inda aka yi rikici, kada ka taɓa, ka kira hukuma. Kowace bindiga tana barin sawunta a gindin kwanso, wurin da allura ta daka da wurin da ƙugiyar zarewa ta kama, da shi masu bincike ke haɗa laifi da bindiga. Ka ɗauka ka ɓata musu aiki, ka kuma bar zanen yatsanka a kai.

Sarkin_Baka:
Baba Soja, tambaya. Na taɓa samun wasu 7.62 masu zane-zane baƙi a tsaye tun daga wuya har tsakiya, kamar an ja musu layi da gawayi. Lalacewa ce?

Tsohon_Soja:
G3 ce ta harba su. Ɗakin harsashinta yana da 'yan kwaruruka da aka yi da gangan don iska ta shiga ta taimaka wa kwanso ya fita. Kuma wurgi take yi da shi da ƙarfi, shi ya sa za ka gan shi a lotse. Ko cikin duhu na shafa na san nata.

Injiniya_MK:
Zanen muni ne kawai a ido, lotsewar ce abin dubawa. Tunda an zo kan na soja: za ku gane shi da gicciye cikin da'ira a gindi, alamar NATO, da lambar shekara biyu. Mai LC daga ma'aikatar Lake City ta jihar Missouri yake, wadda ke aiki tun 1941. Firaimarsa a daddale take, an matse bakin ramin don kada ta fita a cikin bindiga mai sarrafa kanta. Wannan matsin yana da amfani ga mai tsintuwa, domin in ka gan shi lafiya lau ka san sau ɗaya aka harba kwanson, wanda ya taɓa sake ɗura shi dole ya share matsin. Dogo, ga amsar tambayarka ta ɗazu, aƙalla rabinta.

Sai dai na 7.62 na soja ya fi na .308 na kasuwa kaurin bango, cikinsa ya fi ƙunci, don haka awo ɗaya ba ya ba da matsi ɗaya a cikinsu. Shi ya sa ake ware kwanso bisa tambarin gindi, ba a cakuɗa su.

Sarkin_Baka:
To kamar nawa ake ragewa in na soja ne?

Admin_Garba:
Sarkin Baka, dokar zauren nan ba ta canza ba. Ba a rubuta awon albarushi a nan, ko na wa. Mai wannan aiki ya nemi littafin awo na kamfanin da ya yi albarushin, ya kuma zauna gaban wanda ya iya. Duk lambar da na gani zan goge. A ci gaba da maganar kwanso.

Dogo77:
Bari in faɗa muku dalilin taurin kaina, don kada a ce gardama ce kawai. Ina da tsohuwar Lee-Enfield mai cin .303. Shekarun baya wani ya ba ni leda guda ta kwanso, ya ce ragowar wani mamaci ne, sau ɗaya aka harba. Sun sha gugar duniya, suna ƙyalli kamar zinariya. Na ɗura, awona daidai, ban ƙara komai ba. Harbi na bakwai sai na ji iska mai zafi ta mare ni a kunci. Na ja sakata, gindin kwanson kaɗai ya fito kamar kwabo, sauran gangar jikin tana maƙale a ciki. Tabarau na sa ranar, da na cire sai na ga ɗigo-ɗigo a gilashin dama. Da na koma gida na tsaga guda biyar daga ledar da zarto, uku a ciki bangonsu ya sirance daf da gindi kamar takarda. Daga waje ba abin da za ka gani, guga ta shafe alamar. Garin neman gira na kusa rasa ido. Tun ranar kwanson doguwar bindiga in ba ni na farke kwalinsa ba, ba ya shiga bindigata.

Injiniya_MK:
Allah Ya tsare gaba. Kuma ka haɗu da mafi munin haɗi: irin wannan bindigar a baya sakatarta ke kullewa, ɗakinta kuma yalwatacce ne don an yi ta ne ta ci harsashi cikin laka da ƙura. Kowane harbi kwanson yana miƙewa, in an matse shi ya koma girmansa sai tagullar ta gudu gaba, a datse bakin, a sake. Abin da ake datsewa a baki daga wajen gindi yake tahowa. Alamarsa wani siririn zobe mai haske sama kaɗan da gindi. Masu hankali suna lanƙwasa bakin 'yar waya su shafa cikin kwanson, in ta faɗa wani kwari a nan, ya gama.

Sauran abin da ake jefarwa ba shawara: tsagar baki ko wuya komai ƙanƙantarta, kumburi a gefen gindi, ramin firaima da ya saki, tambarin gindi da ya shafe saboda matsi, da wanda ya yi kore ko ja-ja don daɗewa a ƙasa. Jan nan alama ce tutiya ta zube ta bar jan ƙarfe. Ka matse bakinsa da filaya kafin ka jefa, don kada wani ya sake tsinta.

Ɗan_Maƙera:
Ni sana'ata ƙira ce, ban taɓa harba bindiga ba, amma wannan tsagewar baki na san ta. Tagulla in kana dukanta tana taurara, in ka ci gaba ba ka mayar da ita wuta ba sai ta dare. Ba za a iya gasa kwanson ya yi laushi ba?

Injiniya_MK:
Ana yi, maƙeri, ka gano da kanka. Amma wuya da kafaɗa kaɗai. Gindi dole ya zauna da taurinsa, in zafi ya kai can ya yi laushi kwanson ya zama haɗari, ba gyara. Shi ya sa wanda aka tsinto daga toka ko inda gobara ta bi ba a ko kallonsa. Launin nan shuɗi-shuɗi da kuke gani a wuyan harsashin sojan Amurka sawun gashin ma'aikata ne, an bar shi ne don a ga shaidar an yi. Na kasuwa ma an gasa, gogewa suke yi don ya yi kyau.

Ɗan_Maƙera:
Kuma tagulla ba kamar ƙarfe ba ce, ko ka tsoma ta a ruwa da zafinta ba ta taurara. Yarana kullum sai sun ruɗe a nan.

MaiTarihi:
Wannan ya tuna mini. Sojojin Ingila a Indiya sun daɗe suna mamakin yadda kwanson harsasansu ke tsagewa da kansu duk damina, ba a harba ba. Sun ɗora wa yanayi laifi. Sai a 1921 masana suka bayyana dalilin: in ruwa ya hana fita sai a adana harsasan a bargar dawaki, amoniyar fitsarin doki ta haɗu da taurin da ya rage a wuyan kwanson, sai ya dare. Darasin da ya rage mana shi ne man goge tagulla mai amoniya ba ya zuwa kusa da kwanso, kuma kada a ajiye bokiti kusa da akwatin kashin mage.

Dogo77:
Kun ga, mage ta sake dawowa.

Baban_Ilham:
Hahaha. MaiTarihi ka manta da na .22 da Injiniya ya ce a ware. Lokacin yaƙin duniya na biyu da jan ƙarfe ya yi wuya a Amurka, da waɗannan ƙananan kwanson wani mai ƙera kan harsashi, Vernon Speer, ya riƙa yi wa kan harsashi riga. Kamfanin RCBS mai yin kayan ɗuri ma da Fred Huntington ya kafa a 1943, da kayan matse kan harsashi irin wannan ya fara. Ba abin da ke shara a wurin mai haƙuri. Ni ina tara su ne dai a galan, in ya cika in kai sikeli.

Ummu_Sadik:
In za ku kai wa masu narkawa ku tabbata ba mai rai a ciki dai. Su ma 'ya'yan wasu ne.

Baban_Ilham:
Gaskiyarki Hajiya. Masu saye da yawa ba sa karɓa sai sun zazzage sun duba saboda haka. Wanda aka daka bai tashi ba akwai akwatinsa daban a kowane filin kirki, can ake sa shi.

Sabon_Maharbi:
Na dawo da rahoto. Na yi tacewar a gareji, da safar hannu, Anti Rabi ta shaida. Maganaɗisu ya kwashe kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na alminiyom 31. Masu rami biyu 12. Na tarar da masu rai guda 3, biyu da sawun allura a firaima, na mayar wa masu filin. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne wasu da na rantse 9mm ne amma sun ɗan fi gajarta, sai da na karanta gindi na ga .380. Kuma ƙananan suna shigewa cikin manyan su maƙale, 9mm cikin .40, shi kuma cikin .45. Akwai wasu 9mm kamar 40 da aka ja wa jan layi da alƙalamin maka a gindi, ban san me ake nufi ba. Na doguwar bindiga duka-duka 58 ne, .223 da .308.

Bajamushe_Baƙi:
Na .380 tsawonsa milimita 17, na 9mm 19, akwai ma na Makarov mai 18 da zai zo ya ƙara ruɗa ka. Jera su a tsaye a kan faranti, gajerun za su nuna kansu. Jan layin kuwa alamar wani mai sake ɗuri ce, da ita yake gane nasa a wurin gasa. Wato an taɓa ɗura su, sau nawa Allah kaɗai Ya sani.

Dogo77:
Waɗannan 40 ɗin su ne masu saki ukun da na faɗa. Da 58 ɗin can, duk sikeli.

Injiniya_MK:
Masu jan layi na bar maka. Amma cikin 58 ɗin duk mai matsin firaima na soja da bai taɓu ba, ni zan ajiye, in gwada shi da waya.

Dogo77:
Kai ka ajiye. Shi Sabon_Maharbi da bai taɓa ganin siraran bango da idonsa ba, yatsansa bai san abin da waya ke gaya masa ba. Kuma sau ɗaya a wace bindiga? In mai jigida ce ta harba shi ai ya riga ya buɗe fiye da kima.

Injiniya_MK:
To ya tsaga biyu ko uku da zarto kamar yadda ka yi, ya gani. Da haka kai ma ka koya.

Sabon_Maharbi:
Ni dai 9mm kaɗai nake da ita yanzu, don haka 58 ɗin za su jira ku gama. Dattijon nan ya ce in zo gidansa ranar Asabar in ga yadda yake yi kafin in kashe kuɗi a kan inji. Ya ce in taho da tabarau. Wata tambaya kuma: cikin na .45 da na ware don in ba shi, na ga ramin firaimar wasu ya fi na wasu faɗi, alhali duk .45 ACP aka rubuta. Idona ne ko haka suke?

Baban_Ilham:
Ba idonka ba ne, iri biyu ne, mai babbar firaima da mai ƙarama. Raba masa su kafin ka kai, in ba haka ba ranar Asabar da zagi za a fara darasin.